Littafin Bayanin Maƙoƙo da 'Yan Aiken da ke Tafiya Cikin Jini

Amma bayan haka. Wani ɗalibi daga cikin 'yan'uwanmu na ƙasar Doguwa ya aiko mini da takarda yana tambaya a kan wani kumburi da ya fito a gaban wuyan ƙanwarsa, ga ta da ciki wata huɗu. Ya ce ba ya ciwo, ba ya zafi, sai dai ƙaruwa yake yi a hankali. Ya ce tsofaffin gida sun kasu biyu: wasu sun ce a kai ta ga wanzami a yi mata sakiya, wasu sun ce a ƙyale, ai kakarta ma da shi ta tsufa. Ya nemi in faɗa masa mene ne wannan abu, daga ina yake zuwa, da abin da ya kamata a yi. Na duba na ga jawabin ba ya fita a layi biyu, domin wanda bai san yadda gaɓa ke aika wa gaɓa saƙo a cikin jiki ba, ba zai gane yadda rashin wani ɗan abu a cikin gishiri yake kumbura wuya ba. Saboda haka na tara waɗannan 'yan takardu. Shekarun da zan ambata duka na lissafin Miladiyya ne.

Fasali a kan ma'anar gudda da homon

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, a cikin jikin ɗan Adam akwai waɗansu 'yan tsokoki waɗanda aikinsu shi ne su tatsi wani abu daga jini, su sarrafa shi, su fitar da wani ruwa. Larabawa suna ce wa irin wannan tsoka gudda, da wannan suna kuwa zan kira ta, jam'i guddodi. Sun kasu kashi biyu. Kashi na farko suna da magudana, suna zubar da ruwansu waje ko cikin hanji, kamar masu yin miyau da gumi da hawaye da nono. Kashi na biyu ba su da magudana ko ɗaya, abin da suka yi cikin jini suke zuba shi kai tsaye. Don haka ɗabiban Larabawa suke kiransu summa'u, wato kurame, domin rufaffu ne ba ƙofa. Abin da waɗannan kurame ke zubawa cikin jini shi ne homon, kuma a kansu maganarmu take.

Jiki yana da hanya biyu ta aika saƙo. Ɗaya ta jijiyoyin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa da lakar baya, wannan tamkar manzo ne a kan doki, gida ɗaya aka aike shi, nan take ya isa, nan take ya juyo. Da ita kake janye ƙafa in ka taka garwashi. Ɗayar ta homon ce, misalinta kuwa misalin mai shela ne ran kasuwar Tudun Wada, ya ce masu shanu su kai shanunsu allura. Duk kasuwa ta ji shi, mai shinkafa ya ji, mai tireda ya ji, amma mai shanu kaɗai ya tashi. Haka homon yake, jini yana kai shi ko'ina daga ƙoƙon kai har tafin ƙafa, sai dai babu gaɓar da ke amsa shi sai wadda ke da kunnen jinsa. Saƙonsa ba ya gaggawa kamar na farko, amma yana daɗewa, wani sa'o'i, wani shekaru.

Kada ka ɗauka wannan ilmi baƙo ne gare mu gaba ɗaya. Kowane makiyayi ya san bambancin bunsuru da taure: an taɓa wuri ɗaya ƙarami, sai wari ya ragu, neman akuya ya tafi, faɗa ya kwanta, kitse ya taru. Abin da makiyayi bai sani ba shi ne ta wace hanya wancan wuri yake mulkin sauran jiki. Wani Bajamushe, Berthold, ya jarraba wannan ga zakaru a shekara ta 1849. Ya fiɗiye su, zankonsu ya tsuke, suka bar cara. Waɗansu kuwa ya mayar musu da marainan a cikin ciki, inda babu jijiyar da ta sada su da wurinsu na asali, sai zanko ya tsaya, cara ta dawo. Ya gane ashe ta jini saƙon ke bi. Sunan homon kuwa Starling na Ingila ya raɗa shi a 1905, daga wata kalmar Yunananci mai ma'anar zuga ko tayarwa.

Fasali a kan wadda ke shugabantarsu

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, bayan karan hanci, akwai wani ɗan gurbi a cikin ƙashi, a ciki gudda take zaune, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, nauyinta wajen rabin giram. Larabawa suna ce mata nukhamiyya, daga kalmar majina, domin Jalinusu da waɗanda suka bi shi sun zaci ita ce mazurarin majinar ƙwaƙwalwa zuwa hanci. Sun yi kuskure a nan, sunan dai ya zauna. Likitocin yanzu suna ce mata fituwitari. Ita ce hakimi a kan guddar wuya da guddodin ƙoda da maraina da ma'ajiyar ƙwan mace, kowace da irin homon da take aika mata. Daga gare ta kuma homon girma yake fitowa, da mai kawo ruwan nono, da mai tsananta naƙuda, da mai hana ƙoda zubar da ruwa da yawa ran ƙishirwa. Ita ma tana da na gaba da ita, wani ɗan yanki na ƙwaƙwalwa da ke bisanta, shi ke ba ta umarni.

Abin da ya kamata ka riƙe a nan shi ne yadda take auna aiki. Ka tuna mai tsaron ƙofar ruwa a madatsar Tiga, wadda aka gama a ƙasar Bebeji a 1974. In ya ga ruwa ya ja baya a magudanar da ke kai wa gonakin Kadawa, sai ya ƙara buɗe ƙofa, in ya ga ta cika sai ya rage. Haka nukhamiyya take ɗanɗana jini dare da rana. In ta ji homon wata gudda ya yi kaɗan sai ta ƙara yi mata kira, in ya yi yawa sai ta yi shiru. Ka kiyaye wannan, domin shi ne mabuɗin mas'alar maƙoƙo.

Fasali a kan sauran guddodi, a taƙaice

Bayan tumbi akwai wata doguwar tsoka a kwance, likitoci suna ce mata fankiriyas. A cikinta akwai 'yan tsibirai wajen miliyan ɗaya, wato dubu sau dubu, su ke yin insulin, homon da ke buɗe wa sukari ƙofa ya fita daga jini ya shiga tsoka. In ya rasu, ko jiki ya daina jin kiransa, sai sukari ya taru a jini ya malalo cikin fitsari, mutum ya yi ta ƙishirwa da yawan fitsari yana ramewa, har kiyashi su taru inda ya tsuguna. Wannan shi ne ciwon sukari. Kafin Banting da Best su tatso insulin a birnin Toronto na Kanada a 1921, yaron da wannan ciwo ya kama ba ya daɗewa. Mai shan maganinsa ko allurarsa, in yana nufin azumi, ya je ga likita tun cikin Sha'aban a daidaita masa awo.

A bayan guddar wuya akwai waɗansu huɗu, kowace kamar ƙwayar shinkafa, su ke tsare ma'aunin sinadarin ƙashi a cikin jini. Maraina da ma'ajiyar ƙwan mace su ke kawo alamomin balaga waɗanda malaman fiƙihu suka lissafta, mafarki da haila da tsirowar gashi, da buɗewar murya da fitowar ƙirji. Ba zan tsawaita a nan ba.

A kan kowace ƙoda kuma akwai wata gudda zaune kamar hula, nauyinta wajen giram 5. Cikinta yana yin homon firgita: in ka yi kiciɓis da maciji a kan hanyar gona, zuciya ta buga, baki ya bushe, ƙafa ta sami ƙarfin da ba ka san kana da shi ba, aikinsa ne. Ɓawonta yana yin kotisol, wanda ke riƙe ƙarfin jini da sukari sa'ad da ciwo ko yunwa ko rauni suka sami mutum. Ba a rayuwa sai da shi.

Tanbihi. Ƙwayoyin nan da 'yan mata ke saya don ƙiba, waɗanda ake ce wa sha-ka-fashe, da yawansu akwai deksametason a ciki, shi kuwa ɗan'uwan kotisol ne da aka haɗa a masana'anta, ya fi shi ƙarfi ninki fiye da ashirin. Haka kuma da yawa daga man shafawa na sauya launin fata akwai irinsa. Ƙibar da yake kawowa ƙibar cuta ce: fuska ta cika, ciki da doron wuya su tara kitse, ƙafafu da hannaye su sirance, fata ta tsattsage, ƙashi ya yi rauni, hawan jini da ciwon sukari su biyo. Mafi muni, nukhamiyya tana ɗanɗana jini ta ji kotisol ya yi yawa, sai ta daina kiran guddodin ƙoda, su kuwa su yi barci su tsuke. Ran da aka bar ƙwayar farat ɗaya, babu na waje babu na ciki, sai mutum ya faɗi da amai da jiri, ana iya rasa shi. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke da kanta, likita ne zai janye mata shi kaɗan kaɗan har masu barci su farka.

Fasali a kan guddar wuya, ita ce maƙasudi

Tana gaban wuya, ƙarƙashin ƙashin maƙogwaro, ɓangare biyu dama da hagu da 'yar gada a tsakani, siffarta kamar malam-buɗe-littafi in ya shimfiɗa fukafukai. Larabawa suna ce mata daraƙiyya, daga sunan garkuwa, likitoci suna cewa tairod. Nauyinta ga babba mai lafiya wajen giram 20, ba a ganinta, da ƙyar ake jinta da yatsa.

Aikinta aikin ɗan zuga ne a maƙera. Maƙeri yana da gawayi yana da ƙarfe, amma zafin wuta a hannun mai zuga yake. Homon ɗinta, tairoksin, shi ke faɗa wa kowace gaɓa da wace irin gaggawa za ta ƙona abinci. In zuga ta yi rauni sai ka ga mutum da kasala da yawan barci, yana jin sanyi ko ba hunturu, fata ta bushe, gashi ya zube, murya ta dushe, ciki ya ɗaure, tunani ya yi nauyi, mace kuma hailarta ta rikice ko ciki ya riƙa zubewa. In zuga ta yi yawa sai akasin haka: yana ci yana ramewa, gumi ko da sanyi, hannu na rawa, zuciya na dukan uku-uku, barci ya ƙaurace, faɗa ba dalili, wani har idanunsa su firfito. Nawa aka ce aljanu ne suka taɓa su, alhali digon jini a awo ya isa ya bayyana lamarin. Isma'il al-Jurjani, ɗabibin Khuwarizma a ƙarni na 12, ya riga ya lura da haɗuwar kumburin wuya da firfitowar ido, tun kafin Graves na ƙasar Ailan ya siffanta ciwon a 1835, aka sa masa sunansa.

To, tairoksin ba ya ƙeruwa sai da wani sinadari, aidin. Kowane guda na wannan homon yana ɗauke da ƙwayar aidin huɗu, kuma jiki ba ya iya yin aidin da kansa, sai ya ci. Miƙdarin da ake bukata abin mamaki ne don ƙanƙanta. Ka raba giram ɗaya gida miliyan, babba yana bukatar 150 daga ciki kowace rana, mai ciki da mai shayarwa 250. In ka tara na shekara 70 bai kai giram 4 ba, ƙaramin cokalin shayi ya ɗauke shi. Amma jiki ba ya ajiye na shekara da shekaru, dole ya riƙa shigowa a kai a kai.

Taskar aidin teku ce. Yana tashi daga ruwanta cikin iska, yana saukowa tare da ruwan sama a kan ƙasashen da ke kusa, kifin teku da ciyawarta cike suke da shi. Ƙasar da ta yi nisa da teku rabonta kaɗan ne, in kuma ta zama ƙasar tudu da duwatsu mai yawan ruwan sama, ɗan abin da ke cikin turɓayarta ma ruwa yana wanke shi yana gangarawa da shi shekara bayan shekara. Don haka maƙoƙo ya zama ciwon mutanen duwatsu a duniya duka, daga duwatsun Suwizalan zuwa na Himalaya, a ƙasarmu kuma an san shi a tudun Jos da Obudu da ƙasar Igala. Yanzu ka dubi ƙasarku. Duwatsun Riruwai, inda aka haƙi kuza, su ne mafi tsawo a Jihar Kano. Damina ta fi nauyi da tsawo a Doguwa da Tudun Wada bisa ga Kano ta arewa, ruwan kuwa yana bi ta dajin Falgore cikin kogin Kano ya tafi Tiga. Tsakaninku da teku tafiya ce ta ɗaruruwan kilomita. Masarar da ta fito a irin wannan ƙasa tana iya cika rumbu, ta ƙosar da gida, ba ta kawo aidin da ya isa ba, domin shuka ba ta ba da abin da ba ta samu a ƙasa ba. Masu ɗora laifi ga ruwan wani rafi ko wata rijiya sun kusa gaskiya ta wata fuska, sai dai ba wani abu ne ya shiga ruwan ba, wani abu ne ya rasa.

Ga yadda kumburin ke faruwa. Aidin ya yi kaɗan, tairoksin ya ragu a jini. Nukhamiyya ta ɗanɗana ta ji, ta ƙara kira. Guddar wuya ba ta da abin da za ta yi aiki da shi, amma kira bai tsaya ba, sai ta yi abin da manomi ke yi in ƙasa ta gaji ga haraji na jiransa: ya ƙara faɗin gona. Ta yi ta girma don ta kama kowace ƙwayar aidin da ta gifta cikin jini. Wata da watanni, shekara da shekaru, har ta fito fili. Wannan shi ne maƙoƙo. Ya fi yawa ga mata, kuma ya fi bayyana lokacin balaga da lokacin ciki, domin a nan bukata take hauhawa.

Akwai kuma abinci da ke tare wa aidin hanya. Rogo mai ɗaci in ba a jiƙa shi ya kwana da kwanaki aka shanya sosai ba, yana barin wani dafi da jiki ke juyawa zuwa abin da ke hana gudda kama aidin. Gero ma an same shi da wani abu mai rage aikinta, an gane haka daga binciken da aka yi a Darfur ta ƙasar Sudan, inda shi ne abincin yau da gobe. Ban faɗi wannan don a bar fura da kunu ba. Inda aidin ya wadata, cin gero ba ya kai ga cuta, inda ya yi ƙaranci ne gero da rogo suke ƙara wa Barno dawaki.

Mas'ala. In ka ce, kakarta ta rayu da maƙoƙo har tsufa, ta haifi 'ya'ya ta ga jikoki, to mene ne abin tsoro? Sai in ce, abin tsoron ba a wuyan uwa yake ba, a kan ɗan da ke cikinta yake. Ƙwaƙwalwar ɗan tayi ba ta ginuwa daidai sai da tairoksin. A watannin farko ba shi da gudda mai aiki, na uwarsa yake sha. Tasa tana fara kama aidin wajen mako na 12, ba ta tsayawa da ƙafarta sai wajen tsakiyar ciki, kuma ko a sa'an nan aidin daga uwa yake zuwa, bayan haihuwa kuma daga nono. In rashin ya tsananta sai ɓari, ko haihuwar gawa, ko a haifi yaro ya tashi wada, kurma, bebe, ƙafafu a sanƙare, hankali bai cika ba. Wannan kowa yana ganinsa. Wanda ba a gani ya fi yawa nesa: yara lafiyayyu a ido, suna wasa suna kiwo, amma an rage musu wani abu na kaifin fahimta tun suna ciki. Malami ya biya wa yaro allo sau goma bai riƙe ba, a ce daƙiƙi ne, a sa masa bulala, alhali gishirin gidansu ne ya ci amanarsa. Ni a ganina wannan ita ce babbar hasara, domin maƙoƙo ana iya yanke shi, amma ginin ƙwaƙwalwa in lokacinsa ya wuce ba a komawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafta rashin aidin a matsayin mafi girman sababin tawayar ƙwaƙwalwa da ake iya karewa.

Fasali a kan yadda aka gano magani

Mutanen Sin tun da daɗewa suna ba mai maƙoƙo ciyawar teku, ba su san abin da ke cikinta ba. Abul Ƙasim az-Zahrawi na Ƙurɗuba ya yi magana a kan kumburin wuya da yankansa a littafinsa at-Tasrif. A 1811 wani Bafaranshe, Courtois, yana dafa tokar ciyawar teku don haɗa albarushi, sai wani hayaƙi mai launin shuni ya tashi, shi ne aidin. A 1820 Coindet na birnin Janiba ya ba masu maƙoƙo shi, wuyansu ya saɓe, amma waɗansu da suka sha da yawa suka kamu da rawar jiki da bugun zuciya, sai mutane suka tsorata. Kocher, gwanin fiɗa na birnin Bern, ya ba da labari a 1883 cewa waɗanda ya cire wa guddar ɗungum sun koma masu sanyin jiki da nauyin tunani, daga nan aka tabbata ba tsokar banza ba ce. Daga 1917 Marine ya jarraba ba 'yan matan makaranta aidin a garin Akron na Amurka, maƙoƙo ya kusa ɓacewa daga cikin waɗanda suka sha. A 1922 aka fara zuba shi cikin gishiri a Suwizalan.

Hikimar zaɓen gishiri a fili take. Sarki da talaka kowa yana cinsa, kowace rana, kuma ba mai iya cinsa da yawa ƙwarai. Gishirin kakanninmu, kantun Bilma da ayarin Buzaye ke kawowa Kano, da mangul na ƙasar Manga, da na Awe da Keana, babu mai zuba masa aidin. A 1993, lokacin da bincike ya nuna wajen kashi 20 cikin 100 na waɗanda aka duba a Nijeriya suna da maƙoƙo, gwamnati ta wajabta zuba aidin a duk gishirin ci, awon kashi 50 cikin miliyan a masana'anta da tashar jirgin ruwa. Zuwa 2005 aka shaida Nijeriya ce ta fari a Afirka da ta game ƙasarta da irin wannan gishiri. Shi ya sa manyan maƙoƙan nan masu reto har ƙirji yanzu sai ga tsofaffi ka fi ganinsu.

Mas'ala. In ka ce, to tun da haka ne, don me ya fito wa ƙanwata? Jawabi, ɗayan abu uku ne. Ko dai gishirin da ke shiga tukunyarku ba mai aidin ba ne, kamar na dabbobi da ake saya don araha, ko na gargajiya. Ko kuwa mai aidin ne amma ya sha rana da laima a buɗaɗɗen daro a kasuwa, sa'an nan ya zauna kusa da murhu ba murfi, har ya rage ƙarfi, ga ciki kuma ya ƙara bukata. Ko kuwa ba rashin aidin ba ne sam, domin akwai ciwon da dakarun jiki ke juyowa su far wa guddar, su kashe ta ko su zuga ta, akwai kuma ƙulli da ke tsirowa a cikinta, mafi yawansa ba mugu ba ne, kaɗan daga ciki daji ne. Ido ba ya rarrabe waɗannan, sai awon jini da hoton na'ura.

Fasali a kan jawabin tambaya

Da fari ka ba ta ruwa ta haɗiya kana duban wuyanta. In kumburin ya hau ya sauko tare da haɗiya, na guddar wuya ne. Kaluluwa ba ta yin haka, hangum kuwa a gindin kunne yake, da zafi da zazzaɓi.

Kada a yi mata sakiya, kada a yi tsaga, kada a kafa ƙaho. Maƙoƙo ba maruru ba ne, babu mugunya a ciki. Tsoka ce da jini ke ratsawa fiye da mafi yawan gaɓoɓi, manyan jijiyoyin jini na wuya suna gefenta, jijiyar murya tana bayanta. Wanzami ya san aikinsa a inda aikinsa yake, nan ba wurinsa ba ne. Kada kuma a ba ta aidin na wanke rauni ta sha, guba ne a ciki, kuma yawan aidin yana iya danne guddar ɗan tayi kamar yadda rashinsa ke yi.

A kai ta awon ciki a asibiti mafi kusa cikin wannan mako, kada a jira kaka, a nuna wa ma'aikaciya wuyan, a nemi awon jini na guddar wuya. In babu a nan, a karɓi takarda zuwa Kano, asibitin Murtala ko asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. In awo ya nuna rauni, akwai ƙwayar tairoksin da ake sha da safe kafin karin kumallo, daidai take da wanda jiki ke yi, ba ta cutar da ciki, barinta ne ke cutarwa. Kada ta haɗa ta da ƙwayar ƙarin jini a sa'a ɗaya, a raba su da wajen awa huɗu, domin ƙarfen da ke cikin ta biyun yana hana ta farkon shiga jiki. In awo ya nuna yawa, shi ma da maganinsa, likita ne ke zaɓen wanda ya dace da mai ciki. In numfashi ya fara wuya, musamman a kwance, ko haɗiya ta gagara, ko murya ta dushe, ko kumburin ya yi tauri yana girma da sauri, wannan ba ya jiran gobe.

Gishirin gida kuwa a sayi na ƙunshe mai shaidar hukumar NAFDAC da rubutun cewa akwai aidin, a zuba a gwangwani ko kwalba mai murfi, nesa da wuta da rana. Ba a ce a ƙara yawansa a miya ba, giram 5 a yini ya ishi babba, abin da ya haura yana kawo hawan jini. Ƙwai da madara da kifin teku suna taimakawa. Tsohuwa mai daɗaɗɗen maƙoƙo mai ƙulle-ƙulle, gishiri ba zai mayar mata da wuya ba, in yana danne ta sai fiɗa a asibiti.

Saura abu biyu na bayan haihuwa. In ta zubar da jini da yawa wajen haihuwa, sa'an nan nono ya ƙi zuwa, haila ba ta dawo ba bayan lokacinta, gashin hammata ya zube, kasala ta ƙi ƙarewa, a faɗa wa likita labarin jinin. Nukhamiyya tana girma lokacin ciki, in jini ya yanke mata farat ɗaya wani sashinta yana mutuwa, Sheehan ya bayyana wannan a 1937, kuma ana mayar wa mace abin da ta rasa da ƙwayoyi. Jaririn kuma a sa masa ido: in shawara ta wuce mako biyu ba ta washe ba, yana yawan barci ba ya neman mama, kukansa a dushe, harshe ya cika baki, cibiya ta kumburo, kashi yana wuya, a kai shi a auna jininsa. Irin wannan yaro in aka fara ba shi tairoksin cikin makonnin farko yana tashi da hankalinsa kamar sauran yara, kowane wata da aka jinkirta kuwa yana rage masa wani abu.

Tammat.